Marigayi Alhaji Abubakar Mahmud Gummi: Ɗalibin Shari'a da Ya Zama Alƙalin Alƙalai

Akwai wata magana da ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin malaman makaranta, watau ko ya kamata malami ya saurari ra'ayin ɗalibi game da darasin da a ke koya masa. Waɗansu suna ganin aikin ɗalibi shi ne ya buɗe kunne ya rufe baki, har ran da ya ƙoshi da ilmi. Waɗansu kuwa suna ganin ɗalibin da ba ya auna abin da a ke ba shi, ko ya shekara goma a aji, ba zai fita da kome ba sai hadda. Wannan gardama ta fi nauyi a fannin shari'a, gama kuskuren da aka yi a ajin lissafi a kan allo ya ke tsayawa, amma wanda aka yi a ajin shari'a ya kan bi ɗalibi har zauren hukunci, ya faɗa kan marayu da matan da mazansu suka mutu da talakan da ba shi da mai tsaya masa.

Saboda haka mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum wanda ya zauna a kowane gefe na wannan magana. Ya yi zaman ɗalibin shari'a, ya yi magatakardan alƙali, ya koyar da shari'a, daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa duka. Mutanen Gummi da Anka da Bukkuyum ba su bukatar a gabatar musu da shi, domin ɗan ƙasarsu ne. Shi ne marigayi Alhaji Abubakar Mahmud Gummi.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi a garin Gummi, cikin ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa, a farkon shekarun 1920. A zamanin nan Gummi gunduma ce a ƙarƙashin En'en Sakkwato, mai sarautarta shi ne Sarkin Mafara, kamar yadda Sarkin Zamfara ke Anka, Sarkin Danko kuma ke Bukkuyum. Sai cikin 1996 aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato. Mahaifinsa, Malam Mahmudu, malami ne sananne, alƙali kuma. A gabansa yaron ya fara karatun Alƙur'ani da littattafan farko na fiƙihu. Watau tun bai san kome ba ya buɗi ido ya ga masu ƙara suna shiga suna fita, ya ga kuma littattafan da a ke buɗewa kafin a yanke musu hukunci.

Cikin 1933 aka kai shi Elementare ta Dogondaji. Masu karatu su tuna, a lokacin nan malamai da yawa ba su amince da makarantar boko ba, 'ya'yan sarakuna da na alƙalai su a kan fara ɗauka domin talakawa su gani su saki jiki. Tun a can aka ga alamar inda ya dosa, gama shi aka ɗora wa kula da sallar 'yan'uwansa yara. Daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, makarantar da Ahmadu Bello ya koyar a cikinta daga 1931 zuwa 1934. A nan ya san Shehu Shagari, wanda ya zama Shugaban Ƙasa cikin 1979, ya kuma san Malam Junaidu, wanda ya zama Wazirin Sakkwato cikin 1948. Yana Midil mahaifinsa ya rasu, cikin 1937.

SHARI'AR DA YA TARAR

Ba za a gane rayuwar wannan mutum ba sai an san tarihin shari'ar da ya tashi ya tarar. Tun da daɗewa malaman ƙasar nan a kan mazhabar Imamu Malik su ke. Littattafan da alƙalai suka fi dogara da su uku ne: Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, da Muhtasar na Halilu mutumin Masar, da Tuhfatul Hukkami na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu cikin 1426. Kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi wajen shekara biyar suna wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma zaluncin mahukunta da cin hanci a wurin shari'a suna cikin manyan abubuwan da suka yi ta suka. Wajen 1807 Abdullahi ya rubuta wa Kanawa littafinsa Liya'ul Hukkami, domin ya nuna wa sarki da alƙali iyakar kowannensu.

Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai suka sa musu linzami. Suka hana yanke hannu da jefewa. Suka kasa kotuna daraja daraja, kowace da iyakar hukuncin da za ta iya yankewa. Suka ba Razdan da Di'o ikon duba littafin kotu, su rage hukunci ko su ɗauke shari'a su kai wani wuri. Hukuncin kisa kuwa ba a zartar da shi sai Gwamna ya sa hannu. Ban da wannan, suka kafa nasu kotuna, masu aiki da wani kundin laifuffuka da aka shigo da shi Arewa cikin 1904, wanda aka kwaikwayo daga na ƙasar Kwinsilan ta Ostareliya. Ashe ke nan ƙasa ɗaya ta zama tana da shari'a biyu, kowace da littafinta da ma'aikatanta. Duk yaron da ya shiga karatun shari'a a zamanin nan, cikin wannan tsaka mai wuya ya shiga, ko ya sani ko bai sani ba.

MAKARANTAR SHARI'A TA KANO

A da, alƙali a zaure ya ke koyon aikinsa, sau da yawa kuma gadonsa a kan yi daga uba zuwa ɗa. Cikin 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano domin horar da alƙalai da ma'aikatan kotu na dukan lardunan Arewa. Aka ɗauko mata malamai uku daga Sudan, shugabansu Shaihu Bashir al-Rayyah. A farkon shekarun 1940, bayan ya gama Midil, Abubakar Gummi ya shiga wannan makaranta, ya gama cikin 1947, shekarar da aka faɗaɗa ta aka mai da ita Makarantar Ilmin Larabci.

Littattafan da a ke karantawa a can ba baƙi ba ne, su ne dai na Malikiyya waɗanda aka saba da su. Hanyar koyarwar ita ce sabuwa. A zaure almajiri shi ke zaɓen malaminsa, ya ɗauki littafi guda daga farko har ƙarshe, yana karantawa malam na fassara masa kalma kalma da Hausa ko Fillanci, ba a ƙayyade masa shekaru ba, ba kuwa jarrabawa sai shaidar malaminsa. A Kano kuwa akwai aji da ƙararrawa da tsarin darussa. Larabci ya zama harshen magana da rubutu, ba na karantawa kaɗai ba. A ƙarshe kuma ɗalibi ya zauna shi kaɗai da alƙalaminsa ya amsa tambayoyi. Kowace hanya tana da amfaninta. Ta zaure tana gadar da zurfi da ladabi da haƙuri. Ta aji tana koya wa ɗalibi ya tsara magana, ya gwama wannan littafi da wancan, ya nemi inda hukunci ya samo tushe.

Ba kowa ya yi murna da sabuwar hanya ba. Da yawa daga tsofaffin malamai ba su ga yadda karatun 'yan shekaru zai kai wanda aka yi rabin rayuwa a kansa ba. Su kuma ɗaliban da suka fito, da yawansu ba su sami kujerar alƙalanci nan da nan ba, tun da naɗin alƙali a hannun sarakuna ya ke, sai suka zama magatakarda ko malaman makaranta.

Kada masu karatu su zaci a kanmu aka fara irin wannan. A Amurka ma, a da lauya a ofishin wani lauya ya kan koyi aikinsa, makarantun shari'a kuma lacca da hadda su ke yi. Cikin 1870 wani malami mai suna Langdell ya zama shugaban sashen shari'a na Jami'ar Harbad. Ya daina karanta wa ɗalibai ƙa'idodi, sai ya riƙa ba su labarin shari'o'in da aka yanke a da, yana yi musu tambayoyi har su ciro ƙa'idar da kansu. Da farko yawancin ɗalibai suka ƙi abin, suka ƙaurace wa ajinsa, 'yan kaɗan suka rage. Amma kafin a yi shekara hamsin hanyarsa ta game manyan makarantun shari'a na ƙasar. Abin lura a nan shi ne, ra'ayin ɗalibi na ranar farko ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin darasi shi ne abin da ɗalibi ya yi da shi bayan ya bar aji. Da wannan ma'auni za mu duba sauran rayuwar Malam Abubakar.

DAGA AJI ZUWA ZAUREN ALƘALI

Da ya gama Kano sai ya koma Sakkwato, aka sa shi magatakarda a kotun alƙali. Kamar yadda ya bayyana da kansa daga baya cikin littafin tarihin rayuwarsa, aikin bai kwanta masa a rai ba. Ya fi samun natsuwa a karatun da ya kan ba mutane bayan an tashi aiki. Bai daɗe ba ya ajiye, ya koma Kano yana koyarwa a makarantar da ya fito. Akawuna da ma'aikatan kotu sun fi kowa sanin irin wannan hali, na saurayin da ya fito makaranta da littafi a ka, ya tarar ofis yana da al'adunsa waɗanda ba a rubuta su cikin kowane littafi ba.

A cikin shekarar nan ta 1947 aka yi wata shari'a wadda ta girgiza alƙalan Arewa duka. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum, Tsofo Gubba, hukuncin kisa saboda ya kashe wanda ya ke nema da matarsa. Da maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a kundin Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi, alhali kuwa a fiƙihun Malikiyya tunzurawa ba ta kan kawar da ƙisasi ba. Sarakuna da alƙalai suka ga an ɗora kundin Turawa bisa littattafansu. Aka yi ta gyaran doka bayan wannan, amma matsalar ba ta kwanta ba sai da aka zo gab da samun mulkin kai.

RIGIMAR MARU

Cikin 1949 aka kai shi koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, gabas da Anka. A can ya zauna tare da Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa cikin 1950 ya shiga siyasa. A Maru ne sunan Malam Abubakar ya fara fita. Ya lura limamin garin ya kan yi taimama maimakon alwala, alhali ga ruwa. Littattafan da kowane almajiri ya karanta sun bayyana cewa taimama rangwame ce ga wanda ya rasa ruwa, ko wanda ruwa zai cuce shi. Ya yi magana, ba a gyara ba. Sai ya daina bin limamin salla, ɗalibansa kuma suka bi sahunsa.

Magana ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka sa a bincika. Ga saurayi wanda bai kai shekara talatin ba, ma'aikaci ƙarami, yana jayayya da dattijo mai riƙe da limancin gari, a zamanin da ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaga kai gaban na sama da shi. Da hujjarsa ta yi rauni, da aikinsa da mutuncinsa duk sun tafi. Amma da aka zauna aka buɗe littattafai, ba a iya rushe ta ba.

Mu malaman makaranta ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Abin da ya kuɓutar da shi shi ne bai kawo ra'ayin kansa ba, ya kawo abin da ke rubuce cikin littafin da shi da limamin duk suka yarda da shi. Amma akwai gefe na biyu wanda bai kamata a ɓoye ba. Sa ɗalibai su juya wa limamin gari baya ba ƙaramin abu ba ne, ya kan raba kan jama'a, ya kan kuma koya wa yaro ƙarfin hali tun bai sami ilmin da zai riƙe shi ba. Waɗannan abubuwa biyu, watau ƙarfin hujja da rabuwar kai, sun bi Malam Abubakar har ƙarshen rayuwarsa.

SUDAN DA MAKKA

Daga Maru ya koma Kano ya ƙara karatu, ya kuma ci gaba da koyarwa. Cikin 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta aika da shi Sudan tare da waɗansu samari, cikinsu har da Haliru Binji da Shehu Galadanci. Hukumar Turawa ba ta son aika ɗalibai Masar a lokacin nan, don gudun siyasar da ke tashe a can, saboda haka aka zaɓi kwalejin horon malamai ta Bahtar Ruda, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Ita ma cikin 1934 aka kafa ta, shekara ɗaya da Makarantar Shari'a ta Kano. A can ya koyi dabarun koyarwa na zamani, ya kuma ga yadda wata ƙasar Musulmi da ke ƙarƙashin Ingila ta shirya kotunanta.

Cikin 1955 ya yi aikin hajji, ya haɗu da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya yi masa tafinta wurin manyan Sa'udiyya. Larabcin da aka tilasta musu magana da shi a aji, ga ranarsa ta zo. Cikin 1957 aka sa shi kula da al'amuran alhazan Nijeriya a Jidda. Tun daga nan ya zama na kusa da Sardauna a kan al'amuran addini, har ran da aka kashe Sardauna, 15 ga Janairu 1966.

GYARAN SHARI'A DA KUJERAR ALƘALIN ALƘALAI

Da mulkin kai ya matso, sai maganar shari'a biyu ta sake tasowa. Ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba suka nuna tsoronsu gaban hukumar binciken da Ingila ta aiko cikin 1957. Cikin 1958 Gwamnatin Arewa ta kira taron masana shari'a su ba ta shawara. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan. Daga gida kuma akwai Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida.

Bisa shawararsu aka yi sabon kundin laifuffuka cikin 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, jajiberin samun mulkin kai. An kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860, wanda Macaulay ya tsara. Daga ran nan duk kotunan Arewa, har da na alƙalai, da wannan kundi su ke hukunta laifi. Shari'ar Musulunci aka bar mata al'amuran aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, aka kuma kafa mata Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. Shaihu Awad Muhammad Ahmad, mutumin Sudan, shi ya fara riƙe ta. Malam Abubakar ya zama mataimakinsa cikin 1960, sa'an nan ya zama Alƙalin Alƙalai cikin 1962, yana da shekara arba'in ko ƙasa da haka.

A nan mun ga wani gefe na halinsa wanda ba a cika ambatonsa ba. Mutumin da ya ƙi sassauci a Maru kan maganar taimama, shi ne ya karɓi kujera cikin tsarin da ya taƙaita ikon shari'ar da ya karanta, ya yi aiki a cikin iyakar da doka ta sa masa. Kada kuwa a raina abin da aka bar wa kotun. Rabon gado da hakkin mace a aure da riƙon maraya su ne shari'ar da ke shiga kowane gida. Samun kotu guda ta ƙwararru wadda talakan Gummi ko na Bukkuyum zai iya kai kukansa gare ta, ta duba hukuncin alƙalin garinsa da littafi a buɗe, ba ƙaramin canji ba ne.

Yana kan wannan kujera aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962, da Rabiɗar Duniyar Musulmi a Makka cikin shekarar nan, yana cikin waɗanda aka fara su da su. Yana kanta kuma aka raba Jihar Arewa jihohi shida cikin 1967, aka karɓe kotuna daga hannun En'e cikin 1967 da 1968, aka soke kotunan sarakuna, alƙalai suka koma ma'aikatan gwamnati. Ya ci gaba da aikin shari'a har tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan aka ba shi shugabancin hukumar alhazai ta ƙasa.

MALAMIN JAMA'A

Ko da ya ke ya hau babbar kujera, bai bar koyarwa ba. Ya riƙa karatu da tafsiri a Masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna, daga ƙarshen shekarun 1960 kuma gidan rediyon Kaduna ya riƙa watsa karatun. Ta haka ajinsa ya zama faɗin ƙasar Hausa, har da Jamhuriyar Nijar. Manomi a gona da mace a cikin gida suka riƙa jin abin da a da sai wanda ya zauna a zaure ke ji. Ya kuma tsaya a kan a ba mata ilmi. Cikin 1979 aka buga tafsirinsa na Larabci, Raddul Azhani, da fassararsa ta ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, wadda ta shiga hannun dubban mutanen da boko kaɗai su ke iya karantawa. Cikin 1987 aka ba shi lambar girma ta Sarki Faisal saboda hidimar Musulunci.

Sai dai wannan zamani shi ne kuma na babbar jayayya. Cikin 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki abubuwa da yawa na ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Malaman ɗariƙu, cikinsu har da Shaihu Nasiru Kabara na Kano, suka mayar masa da martani a rubuce, su ma da littattafai da hujjoji. Cikin 1978 almajirinsa Malam Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Abin da ya fara tsakanin malamai da alƙalami ya sauko kasuwa da unguwa. Masallatai suka rabu, a waɗansu garuruwa aka yi faɗa, ɗa ya daina bin ubansa salla. Waɗansu maganganunsa game da siyasa da shugabancin ƙasa kuma sun ɓata wa Kirista rai ƙwarai. Masoyansa suna ganinsa mai gyara ne wanda ya mai da mutane ga tushe. Masu sukarsa suna ganin ya tsananta, ya kuma buɗe ƙofar da yara marasa ilmi suka riƙa raina manya. Ba aikin wannan jarida ba ne ta yanke hukunci tsakanin malamai. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu faɗi gefen biyu yadda su ke.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Ya rasu a wani asibiti a Landan ran 11 ga Satumba 1992, aka kawo shi Kaduna aka yi masa sutura, jama'a mai yawan gaske ta halarta. A shekarar nan aka buga littafin tarihin rayuwarsa da Ingilishi, wanda ya shirya tare da Malam Isma'ila Tsiga.

Maganar shari'a biyu kuwa ba ta ƙare da shi ba. Cikin 1978 ta kusa watsa majalisar tsara tsarin mulki, sa'ad da wakilai Musulmi suka fice saboda an ƙi kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya. Ran 27 ga Oktoba 1999 aka yi shelar faɗaɗa shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki cikin Janairu 2000, waɗansu jihohin Arewa kuma suka bi. Watau jiharsa ta haihuwa ita ta sake buɗe babin da aka rufe cikin 1960. Wanda bai san abin da ya faru cikin 1903 da 1947 da 1960 ba, ba zai gane abin da ya faru cikin 1999 ba, balle ya ba da shawara mai amfani a kansa. Don haka mu ke ganin ya kamata duk makarantar da ke horar da alƙalai da lauyoyi da ma'aikatan kotu ta ba tarihin shari'ar ƙasar nan wuri na sosai, kada a bar shi a ƙarshen shekara in lokaci ya ragu.

Game da tambayar da muka fara da ita, ga abin da muka gani cikin wannan tarihi. Ɗalibi yana da hakkin ya auna darasinsa, malamin kirki kuma ba ya jin tsoron tambaya. Amma Malam Abubakar bai buɗe baki a Maru ba sai da ya yi karatu gaban mahaifinsa, ya yi Elementare da Midil, ya yi shekaru a Makarantar Shari'a, ya zauna a kotu ya ga aiki da idonsa. Mai son ya gaji ƙarfin halinsa, sai ya fara gadon haƙurinsa a kan littafi. Ya kuma tuna da abin da rabuwar kai ta jawo, ya nemi hanyar faɗin gaskiya wadda ba za ta raba zumunta ba. Malamai kuwa, in yaro ya kawo tambaya mai hujja, a buɗe littafi tare da shi a duba. In shi ke da gaskiya a ba shi, in ya kuskure a nuna masa inda ya kuskure.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar Gummi da malaman da suka karantar da shi da waɗanda suka yi jayayya da shi don neman gaskiya, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya ba alƙalanmu ikon yin adalci, ya ba ɗalibanmu ilmi mai amfani, amin.